Baƙon Otal a Birnin Istanbul: Matafiyi ne ko Mazauni?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Gabatarwa

Fataken dauri idan sun sauka a zangon Salaga ko na Kumasi ba su cika sanin ranar tashinsu ba. Madugu ke da magana, shi ma kuwa sai ya dubi kasuwar goro da lafiyar jakuna da labarin hanya kafin ya ce a ɗaura kaya. Malaman fiƙihu sun san irin wannan matafiyi, sun kuma ba shi hukuncinsa: muddin bai ƙulla niyyar zama ba, yana nan a kan ƙasarunsa ko da kwanakin sun yi yawa. Mai yawon buɗe ido na wannan zamani ba haka yake ba. Tun bai bar gida ba ya riga ya kama ɗaki a otal, an rubuta masa ranar shiga da ranar fita, tikitin komawa kuma yana aljihunsa. Niyyar da a dā take ɓoye a zuciya, yau tana rubuce a takarda. Wannan canji ne ke yanke mafi yawan hukunce-hukuncen sallarsa, amma ba kowa ke lura da shi ba.

An zaɓi Istanbul, birnin da Hausawan dā ke kira Santambul, ya zama misali, domin yana cikin biranen da Musulmin Afirka ta Yamma ke yawan zuwa don kasuwanci da neman magani da ganin wuraren tarihi. Ga shi kuma birnin Musulmi ne da mazhabar Hanafiyya ta fi rinjaye a cikinsa, don haka Bamalikin da ya sauka a can zai haɗu da tambayoyin da bai saba da su ba a gida.

Shin yawon gani tafiya ce da ke da rangwame?

Asalin ƙasaru yana cikin aya ta 101 ta Suratun Nisa'i da kuma aikin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, wanda ya dawwama a kansa a tafiye-tafiyensa. A wurin Malikiyya sunna ce mai ƙarfi, da sharaɗin tafiyar ta kai baridi huɗu, wato mil 48, abin da malaman zamani ke ƙiyastawa da kilomita 80 da 'yan kai. Wanda ya taso daga Abuja ko Yamai ba shi da matsala ta fuskar nisa. Inda maganar take shi ne dalilin tafiyar.

Shaihu Halil ɗan Ishaƙa (ya rasu 776H) ya fitar da mutum biyu daga wannan sunna a cikin Muhtasar: wanda ya yi tafiya don saɓo, da wanda ya yi ta don wargi. Masu sharhi sun bayyana cewa ƙasarun na farko haramun ne, na biyu kuwa makaruhi, suka kuma buga misalin wargi da mai fita farauta don nishaɗi kawai. Shafi'iyya sun ɗan fi tsanantawa a wannan gaɓa, domin Imam Nawawi (ya rasu 676H) ya naƙalto daga Abu Muhammad al-Juwaini cewa tafiya don ganin garuruwa zalla ba ta cikin manufofi ingantattu. Ibn Ƙudama (ya rasu 620H) ya kawo ruwaya biyu daga Imam Ahmad game da tafiyar shan iska, kuma wadda Hanbaliyya na baya suka tsaya a kanta ita ce halaccin ƙasaru. Hanafiyya ba su dubi dalili ba sam. A wurinsu ƙasaru wajibi ne a kan duk wanda sunan matafiyi ya hau kansa.

Abin da ya fi kusa da daidai shi ne a dubi abin da ya fitar da mutum daga gida. Alƙur'ani ya yi umarni a wurare da dama, kamar a Ali Imrana da An'am da Rum, da a yi tafiya a bayan ƙasa a ga yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance. Istanbul kuwa birni ne da ke cike da irin wannan izina. Aya Sofiya an kammala ta a shekarar 537 tana babbar majami'ar Rumawa, ta zama masallaci bayan da Sarkin Musulmi Muhammadu al-Fatih ya ci birnin a 1453, aka mayar da ita gidan tarihi da dokar 1934, sannan ta koma masallaci a 2020. Ibn Baɗɗuɗa ya tsaya a ƙofarta a farkon shekarun 1330 bai shiga ba, domin ya ce ana sa mai shiga ya yi sujada ga gicciye. Wanda ya je ya ga wannan da idonsa, ko ya kai iyalinsa su huta hutun halal, ba za a haɗa shi da mai wargi ba. Wanda kuwa ya tafi don gidajen rawa da mashaya, shi ne mai tafiyar saɓo, ba shi da rabo a rangwamen. Sai dai a bambanta shi da wanda tafiyarsa halal ce amma ya faɗa wani laifi a cikinta. Wannan yana da zunubinsa, amma ƙasarunsa bai faɗi ba.

Kwanan otal da yinin fiƙihu

Kowane ɗalibi ya haddace cewa niyyar zaman «kwana huɗu» tana yanke hukuncin tafiya. Matsalar tana cikin kalmar «kwana». Bahaushe da dare yake ƙirga ta, otal ma darare yake ƙirgawa, daga la'asar ɗin ranar shiga zuwa tsakar ranar fita. Malikiyya kuwa yini huɗu cikakku suke nufi, kowanne daga ketowar alfijir. A mashhurin zance, wanda shi ne na Ibnul Ƙasim (ya rasu 191H), ranar da aka shiga gari bayan alfijir ba ta cikin lissafi, haka ma ranar fita idan ba a cika ta ba. Sahnun (ya rasu 240H) da Ibnul Majishun sun ƙirga da salloli ashirin, kuma Ibn Abi Zaid (ya rasu 386H) ya ambaci ma'aunan biyu a cikin Risala. Malaman baya kamar Shaihu Dardir (ya rasu 1201H) sun haɗa su wuri ɗaya: yini huɗu cikakku da salloli ashirin ke wajaba a cikinsu.

Madogarar wannan iyaka ita ce hadisin Ala'u ɗan Hadrami da ke cikin Buhari da Muslim, inda aka yi wa muhajiri izinin zaman kwana uku a Makka bayan gama aikin hajji, alhali an hana shi komawa zama a cikinta. Malamai suka fahimci cewa uku ba zama ba ne, abin da ya haura shi ne zama. Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya yanka wa 'yan kasuwa waɗanda ba Musulmi ba irin wannan wa'adi na kwana uku a Madina.

A ɗauki misalin wani da ya shiga Istanbul da hantsin Litinin, ya kama ɗaki na dare huɗu, zai fita da hantsin Juma'a. Cikakkun yininsa su ne Talata da Laraba da Alhamis, wato uku. A mashhurin Malikiyya matafiyi ne, zai yi ƙasaru tun daga shigarsa har fitarsa. Haka yake a wurin Shafi'iyya, domin su ma ba sa lissafa ranar shiga da ranar fita. To amma a ƙirga sallolinsa: huɗu ranar Litinin daga azahar zuwa isha'i, goma sha biyar a yini ukun tsakiya, sai asubar Juma'a. Ashirin ke nan cif. A zancen Sahnun wannan mutum mazauni ne, sai ya cika. Ga shi nan, dare huɗu, wanda adadi ne da masu yawon gani ke yawan kamawa, ya faɗo daidai kan iyakar saɓanin Malikiyya a junansu. Wanda ya bi mashhuri ya yi ƙasaru ya dogara da abin dogaro, wanda ya cika don fita daga saɓani shi ma sallarsa ta inganta.

Idan ya ƙara dare ɗaya ya zama biyar, zai fita Asabar, to Talata da Laraba da Alhamis da Juma'a sun cika huɗu. Malikiyya da Shafi'iyya da Hanbaliyya duk sun haɗu a kan cewa zai cika salla tun daga lokacin da ya shiga garin, ba sai bayan kwana huɗun sun wuce ba. A nan ne kuskure ya fi yawa. Mutane da dama sun ɗauka cewa kowane matafiyi yana da kwana huɗu na ƙasaru kyauta, bayansu ya fara cikawa. Ba wanda ya faɗi haka a cikin waɗannan mazhabobi uku. Hukuncin yana rataye da niyya, ita kuwa niyyar ta riga isowa.

Akwai kuma wanda jirginsa ya taso da dare ya sauka kafin alfijir. Idan ya riga ya shiga cikin gine-ginen birnin kafin alfijir ya keto, wannan yini ya shiga lissafi, ko da ma'aikatan otal ba za su ba shi makulli ba sai bayan azahar. Irin wannan idan ya shiga kafin asubar Litinin da niyyar fita bayan isha'in Alhamis, ya cika yini huɗu alhali dare uku kawai ke rubuce a takardarsa.

Wani zai ce shi bai yi niyyar komai ba, zuwa kawai ya yi. Halil ya toshe wannan ƙofa, domin ya sanya sanin zaman bisa al'ada a matsayin niyya. Wanda tikitinsa ya nuna zai koma bayan mako guda ya san zai zauna, ko ya furta ko bai furta ba. Haka nan sauya otal daga unguwar Sultanahmet zuwa Taksim, ko tsallaka mashigin Bosforos zuwa Uskudar a ɓangaren Asiya, ba ya sabunta lissafi, domin gari ake dubawa ba ɗaki ba. Wanda rangwamen Ibn Umar ya shafa, wato zaman wata shida da aka ruwaito ya yi a Azarbaijan yana ƙasaru saboda ƙanƙara ta tare hanya, shi ne wanda aka soke jirginsa ko yake jiran sakamakon asibiti, kullum yana cewa gobe ko jibi. Wannan shi ne magajin fataken zango. Haka wanda ya kama dare uku, da suka ƙare ya ƙara biyu ba tare da ya tsara hakan tun farko ba: ba a haɗa masa na baya da na gaba, domin bai taɓa ƙulla yini huɗu a niyya ɗaya ba. Idan kuwa dabara ce ya shirya tun daga gida, sanin da ke zuciyarsa ya riga ya yanke hukunci.

Masu shirya yawo sukan sa fita ta yini guda zuwa Bursa, tsohuwar hedikwatar Usmaniyawa, ko zuwa Edirne don ganin masallacin Salimiyya. Kowannensu ya zarce baridi huɗu daga Istanbul, don haka wanda ya zama mazauni a otal ɗinsa zai yi ƙasaru idan ya fita zuwa gare su bayan ya wuce gine-ginen birni. Tsibiran da ake zuwa da jirgin ruwa a tekun Marmara ba su kai wannan nisa ba.

Hanafiyya sun sa iyakar a kwana 15, saboda haka Baturken da ya ga baƙo yana cika salla a mako guda zai iya yin mamaki. Ibn Taimiyya (ya rasu 728H) kuwa bai ga wata iyaka ba, yana mai kafa hujja da kwana 19 na buɗe Makka da kwana 20 na Tabuka, waɗanda Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi yana ƙasaru. Jumhuru sun amsa da cewa waɗannan zaman yaƙi ne da ba a yanke ranar ƙarewarsa ba. Amsar tana da ƙarfi musamman a kan baƙon otal, domin babu zaman da ya kai nasa yankewa. Wanda ya ɗauki ɗaya daga waɗannan maganganu bisa ilimi ba a zarginsa. Abin ƙi shi ne mutum ya kasance Bamalike a gida, sai a tafiya ya riƙa tsintar mafi sauƙi daga kowace mazhaba ba tare da ya san hujjar ko ɗaya ba.

Jam'i da Juma'a da bin limami

Jam'i a wurin Malikiyya yana rataye da halin tafiya a kan tudu, lokacin tashi ko cikin hanya. Wanda ya sauka ya natsu a ɗaki ba ya cikin wannan a mashhurin zance, ko da yana ƙasaru. Shafi'iyya da Hanbaliyya sun halatta wa matafiyi ko yana sauke, hujjarsu kuwa hadisin Mu'azu ne game da Tabuka, wanda shi kansa Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa, inda aka siffanta Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, yana fitowa ya haɗa salloli biyu ya koma ciki. Hanafiyya ba su yarda da jam'i ba sai a Arfa da Muzdalifa. A Istanbul dai da wuya buƙatar ta taso. Wanda ke yawo tsakanin fadar Topkapi da masallacin Sultan Ahmad da Sulaimaniyya, wanda Sinan ya gina tsakanin 1550 da 1557, ba zai yi tafiyar minti goma bai tarar da masallaci da wurin alwala ba. Jagoran yawo ne kawai ba ya jira, kuma gara a sanar da shi tun da safe.

Idan matafiyi ya bi limamin gari, zai cika raka'a huɗu tare da shi. Malikiyya sun karhanta wa matafiyi bin mazauni don yana barin sunnar ƙasaru, sai dai barin jam'i a masallaci mai tazarar taku kaɗan a koma ɗaki don tsare raka'a biyu ba ciniki ba ne mai riba, kuma an ruwaito Ibn Umar yana cikawa idan ya bi liman. Juma'a ba ta wajaba a kan mai dare huɗu, amma idan ya halarta ta isar masa. Mai dare biyar kuwa ta wajaba a kansa ta hanyar bin mutanen gari, ko da yake ba a lissafa shi cikin adadin da take ƙulluwa da su.

Gabas ba alƙibla ba ce

A ƙasar Hausa «gabas» da «alƙibla» sun kusa zama kalma ɗaya, domin Makka tana gabas da ɗan karkata zuwa arewa. Wanda ya tafi da wannan sabo Istanbul ya dubi mafitar rana ya kabbara, ya kauce nesa. Alƙiblar birnin tana kudu maso gabas, wajen digiri 152 daga arewa, ta fi kusa da kudu. A cikin Aya Sofiya ma ana ganin mihrabi ya ɗan kauce daga tsakiyar ginin zuwa dama, sahu kuma ya karkata, domin ba don fuskantar Ka'aba aka aza harsashinta ba. Wasu otal-otal suna manna kibiya a rufi ko cikin aljihun tebur, wasu ba sa yi. Na'urar nuna alƙibla da ke cikin waya takan ruɗe a tsakanin ƙarafan gini. Malamai sun ce wanda ke garin Musulmi ya bi mihrabansu, ba ya ijtihadi a gabansu, don haka leƙa masallacin unguwa ko tambayar ma'aikacin otal ya fi dogara ga waya.

Lokuta ma sun saɓa da na gida. Agogon Turkiyya yana gaban na Najeriya da Nijar da awa biyu. A ƙarshen watan Yuni alfijir yana ketowa wajen ƙarfe uku da rabi na dare, isha'i kuwa sai bayan goma da rabi, yayin da a tsakiyar hunturu rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe takwas.

Ɗakin haya ne, kayansa amana

Kama ɗaki a otal ijara ce, wato sayen amfani zuwa wa'adi sananne da lada sananne. Mai haya amintacce ne, ba ya biyan abin da ya lalace sai idan ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci. Daga nan ake gane cewa kwanar da mutum uku a ɗakin da aka biya na biyu a ɓoye cin dukiya ne ba da haƙƙi ba, haka ma tafiya da tawul. Abincin karin kumallo da ake jerawa halatta ci ne a wurin, ba mallakawa ba, don haka cika jaka da shi don guzurin rana yana buƙatar izini. Sabulu da ƙananan kwalaben man wanka da al'ada ta nuna an bar wa baƙo ba su cikin wannan.

Naman alade ba kasafai ake cin karo da shi a Turkiyya ba, amma giya tana nan a otal-otal da yawa, har cikin ƙaramin firjin ɗaki. Kasancewarta a can ba ya ɓata salla kuma ba laifin baƙo ba ne, sai dai ya fi kyau ya nemi a kwashe ta, abu ne da ake yi ba gardama. A ɗakin cin abinci, hanin da ya zo a hadisin Jabir, wanda Tirmizi ya ruwaito, ya shafi zama a teburin da ake zagayawa da giya a kansa. Wanda ya keɓe da nasa teburi ya fita daga zahirin hanin, wanda ya sami wurin da babu ita gaba ɗaya ya fi kuɓuta. Idan mai gyaran ɗaki mace ce baƙon kuma namiji, ko akasin haka, fita ko barin ƙofa a buɗe yana kawar da keɓantuwa.

Game da tsarki, asali a kan daɓe da darduma shi ne tsarki har a ga najasa, ba a kuma ɗora wa mutum bincike. Halil ya hana salla da tufar da wani ke barci a cikinta saboda galibi ba ta kuɓuta, amma wannan illa ba ta tare da zanen gado ko tawul da aka wanke aka sauya, don haka wanda ya manta sallayarsa zai iya shimfiɗa ɗaya daga cikinsu. Buta kuwa, wadda Bahaushe ba ya rabuwa da ita a tafiya, tana iya hutawa a Istanbul, domin makewayin Turkawa kusan duka suna da famfon tsarki a jikinsu.